Takadda, Birnin Tagulla: Yadda Ya Ɓata Da Yadda Aka Gano Shi

Laccar da aka gabatar wa matasan ƙungiya a Koira Kano, Yamai



 

Batun da aka ba ni shi ne abubuwan al'ajabi na zamanin da can, da yadda masu binciken kufai suke neman waɗanda suka ɓata. Zan taɓa biyu daga cikinsu a gurguje, sannan in maido mu gida. Domin mu ma a Nijar muna da birnin da littafi ya ambata, ya ɓace shekaru ɗaruruwa, masana suka yi ta jayayya a kansa, daga baya aka gano shi. Sunansa Takadda. Abin da nake so mu fita da shi daga zauren nan guda ɗaya ne: an gano Takadda ne saboda an haɗa shaidar littafi da ta bakin tsofaffi da ta ƙasa, kuma a cikin shaidun nan uku, ta ƙasa ita ce in an ɓata ta sau ɗaya ba ta dawowa.

Abin da aka samu da abin da ake nema har yau

Wanda ya yi lakol ya san Girkawa sun lissafa gine-gine bakwai da suka ce babu kamarsu. A cikin bakwai ɗin, babbar dalar Giza ta Masar ce kaɗai take tsaye.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka faɗi ita ce hasumiyar Iskandariyya, wadda aka gina a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) don ta haska wa jiragen ruwa hanya. Girgizar ƙasa ta yi ta cin ta har ta rushe, kuma wajen 1477 Sarki Ƙaitbai ya gina ganuwarsa a gurbinta. A 1994 masu nutso ƙarƙashin jagorancin Jean-Yves Empereur suka shiga teku a gindin ganuwar, suka tarar da manyan duwatsun gini da gumaka birjik a ƙarƙashin ruwa. Wannan an samu.

Lambunan Babila kuwa, waɗanda aka ce an dasa su hawa-hawa a bisa gini, har gobe ana nema. Wani Bajamushe, Robert Koldewey, ya yi tono a Babila daga 1899 zuwa 1917. Ya samu wani gini mai ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, ya ce ga gindin lambunan. Amma allunan yumɓu da aka tarar a ciki lissafin rabon mai da hatsi ne, wato wurin ya fi kama da rumbu. Kuma a cikin rubuce-rubucen Sarki Bukhtanassar, wanda ake danganta wa lambunan, babu inda aka ambace su. A 2013 wata malamar jami'ar Oxford, Stephanie Dalley, ta fitar da littafi tana cewa an yi ta nema ne a garin da ba shi ba: lambunan suna Ninawa, kusa da Mosul ta yau, kuma Sarki Sennakerib ne ya yi su. Wasu sun yarda, wasu ba su yarda ba.

To me ya haɗa wannan da mu? Mutum ɗaya ne. Ibn Battuta, matafiyin nan na Tanja ta Maroko, ya ga hasumiyar Iskandariyya a 1326 gefe guda ya zube, ya koma a 1349 ya tarar ko ƙofarta ba a iya kaiwa. Shekara huɗu bayan haka, a 1353, wato 754 ta Hijira, ya sauka a ƙasarmu. Idon da ya ga ƙarshen hasumiyar shi ne ya ga Takadda tana tashe.

Abin da matafiyin ya gani

Ibn Battuta ya taso daga Gao cikin ayari ya nufo gabas. Ya iso Takadda ba shi da lafiya. Ga taƙaicen bayaninsa a littafin tafiyarsa. Gidajen garin da jan dutse aka gina su. Ruwan garin yana bi ta kan ma'adinin tagulla, sai launinsa da ɗanɗanonsa su canza. Akwai kunamu masu kashe yara ƙanana. Mutanen garin ba su da sana'ar da ta wuce fatauci, duk shekara suna zuwa Masar suna kawo tufafi masu tsada. Garin yana da alƙali da limamin huɗuba da malamin da ke karantarwa. Sarkin kuwa, mai suna Izar, yana zaune a tanti, tafiyar yini guda daga gari.

Sai maganar tagulla, ita ce ta fi jan hankalinsa. Ya ce a bayan gari ake haƙo ta, a kai gida a narka, a zuba ta sanduna masu tsawon taƙi ɗaya da rabi, wasu kaurara wasu sirara. Kaurara 400 ake bayarwa a miskalin zinariya guda, sirara kuwa 600 ko 700. Waɗannan sandunan su ne kuɗin garin. Da sirara ake sayen nama da itacen wuta, da kaurara ake sayen gero da alkama da man shanu da bayi. Kuma ana fitar da tagullar zuwa Borno, tafiyar kwana 40, da wata ƙasa da ya rubuta Kubar, wadda masana suka ce Gobir ce. In haka ne, wannan yana cikin tsofaffin wuraren da sunan wata ƙasar Hausa ya fito a littafin Larabci.

Akwai abin da bai kamata mu tsallake ba, ko da ba shi da daɗin ji. Ya ce bayi maza da mata ne ke aikin narkar. Kuma ayarin da ya bi ya bar garin a watan Sha'aban zuwa Tuwat yana ɗauke da kuyangi wajen 600. Arzikin Takadda da gumin waɗannan bayin Allah aka tara shi. In za mu yi alfahari da garin, mu tuna da su.

Takadda garin ilimi ce kuma. A ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Muhammadu al-Maghili, mutumin Tilimsan, ya zauna a can yana karantarwa kafin ya wuce Kano wurin Sarki Muhammadu Rumfa, ya je Katsina, daga baya ya je Gao wurin Askiya Muhammadu. A cikin waɗanda suka ɗauki karatu a wurinsa akwai al-Aƙib na Anisaman, wani garin malamai na yankin, da Muhammadu al-Tazakhti, wanda ya zama alƙalin Katsina, ya rasu wajen 1529. Ahmad Baba na Tumbutu ya rubuta tarihinsu. Kun ga ke nan hanyar da tagulla ta bi zuwa ƙasar Hausa, ita littattafai suka bi.

Daga ƙarni na 16 sai sunan garin ya fara dusashewa. Agadas ta karɓe kasuwa da sarauta. Aka wayi gari sunan Takadda yana cikin littafi, amma babu mai iya nuna maka wurin a taswira.

Jayayyar masana

Da Turawa suka fassara littafin Ibn Battuta, sai aka shiga tambaya: ina Takadda take? Wahalar ita ce, a yamma da Agadas akwai wurare fiye da ɗaya masu suna Tegidda. Akwai Tegidda-n-Tesemt, wato ta gishiri, da Tegidda-n-Adrar, ta dutse, da Tegidda-n-Tagait, ta goruba. Wadda ta fi suna ita ce ta gishiri, inda har yau ake kwaɓa ƙasa mai gishiri da ruwa, a zuba a ƙananan ramuka, rana ta busar, a kai wa makiyaya. Amma can babu tagulla.

A 1950 wani jami'in Faransa mai suna Brouin ya ba da labarin wani kufai da ake kira Azelik, ba nisa da Tegidda-n-Tesemt, inda ya ga alamun tagulla. A 1954 Raymond Mauny da abokin aikinsa Lombard suka yi rubutu a kan wurin suna danganta shi da Takadda. Henri Lhote, wanda ya yi suna a binciken Sahara, bai yarda ba. A wani dogon rubutu na 1972 ya dage cewa Takadda ita ce Tegidda-n-Tesemt, kuma arzikinta gishiri ne, batun tagulla ruɗani ne ya shiga labarin. Wato dai ana tuhumar shaidar da ya gani da idonsa.

Wadda ta warware ƙullin ita ce Suzanne Bernus, tare da Pierre Gouletquer, a aikin da suka yi daga 1973 zuwa 1975. Abin lura, ita ba da tono ta fara ba. Ta daɗe tana zama da mutanen Ingal da Tegidda-n-Tesemt, masu magana da Tasawak, harshen da tushensa Songai ne gauraye da Tamashek. Tsofaffinsu suna cewa kakanninsu daga Azelik suka fito, Sarkin Agadas ya ci garin da yaƙi, waɗanda suka tsira suka koma sana'ar gishiri. Kufan ma suna kiransa Azelik wan Birni. Kun ji kalmar, birni. Sunan yana bakin mutane duk tsawon lokacin da masana ke neman wurin a takarda.

Sai aka juya ga ƙasa. Aka tarar da tushen gine-ginen dutse da kufan masallatai da maƙabartu masu faɗi. Aka tarar da fasassun tukwanen narka ƙarfe da kashin maƙera da ɗigon tagulla da duwatsun niƙa. Aka gane yadda sana'ar take: tagullar yankin ƙananan ƙwayoyi ce tsantsa a cikin wani siririn shimfiɗen dutse, sai a fasa dutsen, a niƙa, a tsince, a narka. Shi ya sa wanda ya zo yana neman babban ramin ma'adini bai ga komai ba. Aka kuma auna gawayin da aka samu da awon karbon 14. Ga wanda bai sani ba, kowane abu mai rai yana ɗauke da wani nau'in karbon da yake raguwa a hankali bayan mutuwarsa, to da abin da ya rage ake ƙiyasta shekarunsa. Awon ya nuna akwai mutane a garin a zamanin da Ibn Battuta ya ratsa yankin.

Daga 1977 zuwa 1981 aka yi wani babban aikin bincike na gaggawa a yankin Ingal da Tegidda-n-Tesemt, tare da cibiyar IRSH ta nan Yamai. Dalilin gaggawar shi ne ana shirin neman uraniyom a yankin, ana so a rubuta abin da ke ƙasa tun kafin manyan motoci su shigo. Sakamakon ya fito a jerin littattafan Études Nigériennes, kuma kundin da ya shafi Azelik ya fito a 1991. Yau mafi yawan masana sun tafi a kan cewa Azelik ita ce cibiyar Takadda, kuma sunan yana iya haɗawa da sauran garuruwan yankin.

To, ƴan uwa, wanda ya je Azelik yana tsammanin fadoji da hasumiyoyi zai sha mamaki. Tarin duwatsu ne da katanga a fili. Amma gani ya kori ji. Waɗannan tarkacen ne suka wanke matafiyin daga zargi, suka kuma nuna gardamar tagulla da gishiri ba ta da tushe, tunda jama'a ɗaya ce ta yi sana'o'in biyu, ɗaya bayan ɗaya.

Kada kuma mu ɗauka duk abin da mai bincike ya faɗa ya zauna ke nan. A cikin aikin gaggawar nan, Danilo Grébénart ya samu wasu ramuka ƙonannu a yankin Agadas, ya ce murhun narka tagulla ne na shekara 2000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Da haka ne, da sun shiga cikin mafi tsufa a Afirka. A 1988 aka sake duba su a ɗakin gwaji, aka ga da yawansu kututturen itatuwa ne da suka ƙone a cikin ƙasa, kuma da sunansa a cikin waɗanda suka fitar da gyaran. Abin da ya tabbata shi ne ana narka tagulla a yankin a cikin shekara 1000 na ƙarshe kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wanda shi ma ba ƙaramin abu ba ne. Mu da muka tashi muna jin malamai suna tambayar isnadi kafin su karɓi ruwaya, wannan ɗabi'ar ba baƙuwa ba ce a wurinmu.

Shaidar da ba ta dawowa

Yanzu ga inda maganar ta shafe mu kai tsaye. An iya yin duk wannan a Azelik ne saboda an tarar da abubuwa a inda masu su suka bar su. Gawayi yana kusa da tukunyar narkawa, tukunyar tana cikin ɗaki, ɗakin yana kusa da masallaci. Mai binciken kufai ba tukunyar kaɗai yake karantawa ba, yana karanta zurfin da take da abin da ke kewaye da ita. In ka zare ta ka kai kasuwa, ta zama kayan ado, ba ta da bakin ba da shaida.

Mun ga wannan a jihar Tillaberi. A 1975 aka ci karo da maƙabartar Bura a yankin Tera ba zato. A 1983 Boubé Gado na IRSH, ɗan ƙasarmu, ya yi tono a Asinda-Sikka, ya samu tulunan binne mamata sama da 600 da mutum-mutumin yumɓu, har da mahayin dokin nan da ya yi suna. Kayan sun kama daga ƙarni na 3 zuwa na 13. A 1993 aka nuna wasu a baje kolin Vallées du Niger a Paris. Da dillalan kayan tarihi suka ga abin, sai kasuwa ta buɗe. Aka dinga bin ƙauyuka ana ba talakawa ƴan kuɗi suna tone maƙabartu, ana fasa goma kafin a fitar da ɗaya lafiya. Abin ya kai a 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Bura a jan jerinta na kayan Afirka da ake sacewa. Tambayoyi da yawa game da mutanen Bura sun tafi tare da waɗannan ramukan.

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tun da aka samu zinariya a Jado a 2014, matasa da yawa sun bazama arewa da na'urar neman ƙarfe. Ba wanda zai zargi mai neman halaliyarsa, kusan kowa a nan yana da wa ko ƙane ko maƙwabci da ya je. Amma na'urar ba ta bambance zinariya da munduwar tagulla da ke hannun mamaci. Kuma arewa cike take da kufai. Ga Marandet a kudu da Agadas, inda aka samu dubban ƙananan tukwanen narka tagulla, wadda ake ganin ita ce Maranda da al-Yaƙubi ya ambata tun ƙarni na 9. Gobirawa kuma suna cewa a Abzin kakanninsu suka zauna kafin su gangaro kudu. In akwai amsar wannan zancen, a ƙarƙashin ƙasar can take. Azelik kanta, tun 2007 aka kafa kamfanin haƙar uraniyom na SOMINA da sunanta, har yawancinmu mun fi sanin sunan ta wannan hanyar.

Akwai doka. Doka mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 ta kare kayan tarihin ƙasa, ta hana tono ba izini da fitar da kayan waje. Amma jandarma da ƴan duwan ba za su iya gadin kowane kufai ba. Mai gadin gaskiya shi ne ɗan garin da ya san darajar wurin. Kuma maƙabartun Azelik na Musulmi ne, ban da bukatar in tuna wa wannan zauren hukuncin tone kabari.

Abin da ke hannunmu

Ba na so mu tashi da jin daɗin labari kawai. Ga abin da nake roƙon kowa.

In ka ci karo da tsohuwar tukunya ko ƙasusuwa ko tarin kashin maƙera, a gona ko wurin haƙa tushen gini, kada ka zare. Ka ɗauki hoto da salula, ka riƙe wurin, ka gaya wa mai gari ko magajin gari, a sanar da IRSH ko Muze. In ɗan uwanka yana wurin zinariya, ka isar masa da wannan.

In an yi bakans ka je gida, ka zauna da tsofaffi. Ka tambaye su ina garinku yake kafin ya dawo inda yake, wa ya kafa shi, me ya tashe su, me ake kiran tsohon wurin. Ka naɗa a salula da izininsu, ka rubuta suna da rana. Da tsofaffin Ingal sun rasu ba a tambaye su ba, da shaida ɗaya cikin uku ta faɗi.

Ina kuma ba shugabanni shawara a shirya mana ziyara zuwa Muze Boubou Hama, mu je da ƙannenmu na kartiye. Da yawanmu rabonmu da wurin tun ana kai mu kallon zaki da kura, ba mu taɓa tsayawa a ɗakunan tarihi ba.

Na ƙarshe ga waɗanda za su shiga jami'a. Wannan aikin yana son mai karanta Larabci don ya koma ga littafin da kansa, mai jin Faransanci don ya karanta rahotannin tono, mai jin Hausa ko Zabarmanci ko Tamashek don ya zauna da tsofaffi ba tafinta. Ku dubi na kusa da ku. Akwai waɗanda suka haɗa ukun a zauren nan, sun yi makarantar allo, sun yi lakol, sun sha harshen gida a nono. Masu binciken da suka zo daga waje sai da suka yi shekaru suna koyon abin da ku kuka tashi da shi. Akwai sashen tarihi a Jami'ar Abdou Moumouni, kuma malamai irin su Djibo Hamani, wanda ya rubuta tarihin sarautar Abzin, sun share hanya. Abin da aka tona a Azelik da Marandet kaɗan ne a kan abin da ya rage.

Nan zan tsaya don a samu lokacin tambayoyi. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, malamai kuma suna nan don ƙarin bayani. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ilimi mai amfani, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ƙara wa wannan ƙungiya albarka.